Tara hotunan taurari kai-tsaye a Accra: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Wani dare a watan Janairu, bayan sallar isha'i, muka hau saman wani bene a Nima da ƙaramar na'urar hangen nesa da kyamara da kwamfuta. Hoton farko na gajimaren Orion, wani curin iska da ƙura mai haske a cikin rukunin taurarin Orion, ya fito kamar an watsa yashi a baƙin faranti. Kafin minti biyar sai ga shi ya buɗe fukafukai, ja-ja da toka-toka. Wani dattijo ya matso ya ce, "Malam, wannan daga intanet ka ɗauko?" Na ce, "A'a Baba, ga shi can kusa da taurari ukun nan da suka yi layi. Hasken ya fi shekara 1,300 yana tafiya kafin ya iso mu." Ya daɗe yana kallo yana tasbihi.

Kyamara tana ɗaukar gajerun hotuna ne, na daƙiƙa 5 ko 10, manhaja irin su SharpCap ko ASIAIR ta nemo taurarin da ke cikin kowanne, ta daidaita su, ta ɗora sabo a kan na baya kana kallo. Hasken gaskiya yana zama wuri ɗaya, yashin nan kuwa kullum canza wuri yake, don haka yana dusashewa. Matsalar ita ce yawancin shawarwarin da muke karantawa an rubuta su ne don Turai da Amurka. Samaniyar Accra daban take, kuma daga nan yawancin kurakuranmu suke fitowa.

A fara da tauraron arewa. Bature zai ce ka saita mazaunin na'urarka, wato abin da ke ɗauke da ita yana juya ta ta bi taurari, da shi, don a Landan yana sama da digiri 50. A Accra bai kai digiri 6 daga ƙasa ba, a Kumasi bai kai 7 ba. Rufin maƙwabci ko hayaƙin gari ya isa ya ɓoye shi. Na ga mutum ya ƙarar da awa biyu yana nemansa. Kada ka wahalar da kanka: manhajojin ASIAIR da NINA suna da hanyar saiti da ba ta buƙatarsa, suna ɗaukar hoto a wurare biyu ko uku na sama su faɗa maka inda za ka murɗa. Kafin ka sayi mazauni kuma, ka bincika ko yana iya sauka zuwa digiri 5, domin da yawa ƙarfen nauyinsu yana dukan ƙafar tsayawa, sai an ƙara musu wuya, wato guntun ƙarfe da ke ɗaga mazaunin daga kan ƙafafun.

Masu ƙananan na'urori irin Seestar S50, waɗanda ke motsi sama-ƙasa da hagu-dama, sun huta da wannan, amma suna da nasu ciwon. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, kuma irin wannan mazauni yana bin abu ne ba tare da ya karkata tare da shi ba, sai hoton ya riƙa juyawa a hankali. Kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, inda muke, juyin ya fi ko'ina tsanani. Mutum ya ga hoto bai yi haske ba, sai ya mai da daƙiƙa 10 ta zama 30, taurarin gefe su koma waƙafi, manhaja ta fara watsar da hotuna. Bar shi a gajere. Sannan ka zaɓi lokaci: juyin yana kusan tsayawa idan abu yana gabas sak ko yamma sak, yana haukacewa idan ya zo tsakar ka. Wato lokacin da kake ganin abu ya fi kyau, daidai saman kanka, shi ne mafi muni ga irin wannan na'ura. Kama Orion da Kaza da 'Ya'yanta tun suna hawowa daga gabas.

Sai zafi, wanda a ganina shi ne babban abin da ake rainawa. Dattin da kyamara ke haifarwa da kanta yana ninkawa duk sanda zafinta ya ƙaru da kamar digiri 6, darenmu kuma ba ya sanyi. Alamarsa ɗige-ɗige ja da kore da shuɗi, waɗanda bayan tarawa suke zama kamar tsutsotsi sun ja ciki a kan hoton. Maganinsa hoton duhu: ka rufe bakin na'ura da murfinta, ka ɗauki 20 ko 30 da tsawon lokaci da ƙarfin kyamara daidai da wanda za ka yi aiki da shi, manhaja ta riƙa cirewa daga kowane hoto. Kuskuren shi ne a ɗauke su da kunna kyamara tana sanyi, ko a yi amfani da na watan jiya. Bari ta yi minti goma tana aiki tukuna.

Idan cikin dare manhaja ta ce ba ta ganin isassun taurari, kafin ka zargi saiti haska bakin gilashin. Sau da yawa raɓa ce, iskar teku ta kawo. Kada ka goge da gefen riga, za ka karce shi. Ɗaura masa ɗamarar ɗumi mai aiki da batirin waya tun farkon dare, ko aƙalla ka naɗa kwali ya zarce bakin. Batirin nan dai dole ne, don in aka ɗauke wuta tarin da ka yi ya tafi. Lokacin hunturu raɓa tana raguwa, gajimare ya kau, sai mutum ya ɗauka ya samu. Amma hazo yana shanye hasken abubuwa masu rauni, ya kuma dawo da fitilun gari cikin kyamara. A irin daren nan ka nemi dunƙulen taurari masu haske, ka bar abu mai rauni irin su garken taurari na Andromeda sai an yi ruwa sama ta wanku. Hasken farin wata ma haka: daga 25 ga watan Musulunci zuwa 4 ko 5 ga sabo su ne kwanakinka.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata dare. Tauraron da bai fito tsaf ba, murfin Bahtinov, wani murfi mai tsage-tsage da ake sawa a bakin na'ura don daidaita ganinta, yana taimaka maka ka gyara shi cikin minti ɗaya, kuma a sake dubawa bayan awa. Yara suna zagaya ƙafafun na'ura, bene yana rawa: ja waya mai tsawo ka kai allon nesa, ka kunna matatar da ke jefar da hoton da taurarinsa suka kumbura. In ka koma kan wani abu, share tarin baya.

Gaggawa kuma tana da lissafi. Hoto 4 suna ninka tsabta sau 2, hoto 100 sau 10, wato kusan minti 17 a daƙiƙa goma-goma. Wanda ya tashi bayan minti ɗaya bai ga komai ba. Amma daga 100, sai ka kai 400 kafin ta sake ninkawa, saboda haka in jama'a na jira, minti 10 zuwa 15 ya isa. Kada kuma ka ƙara duhun hoton a manhaja har sama ta zama gawayi don ɓoye yashi, domin siraran gefen gajimaren suna tafiya tare da shi. Bar ta toka mai duhu.

In Afrilu ko Mayu ya zo, daren da ruwa ya ɗauke, juya na'ura kudu wajen teku. Omega Centauri, dunƙulen miliyoyin taurari da ba a taɓa ganinsa daga Landan, yana hawa kusan digiri 37 a nan. Daƙiƙa 5 ta ishe shi, kuma kafin hoto na 30 tsakiyarsa za ta fara rarrabewa ƙwaya-ƙwaya kamar gero a tafin hannu.