Matakan Sayen Gida a Unguwar Karkara

Da farko, ka ziyarci unguwar a tsakiyar damina, wajen watan Agusta, domin a lokacin ne za ka ga inda ruwa yake kwanciya, ka ga ko gindin katanga yana jiƙewa, ka kuma gane ko mota tana iya shiga bayan an yi ruwan sama. Ka tambayi maƙwabta batun rijiya ko burtsatse, da wutar lantarki, da nisan asibiti.

Bayan haka, ka je gaban mai unguwa da dagaci ka binciki asalin gidan. Wannan mataki ya fi kowane muhimmanci, musamman idan gidan na gado ne, domin wajibi ne dukkan magada su amince, kuma kada ka yarda da maganar dillali shi kaɗai.

Sannan a auna iyakoki a gaban maƙwabta, a rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, ka biya ta banki.

Daga ƙarshe, ka nemi takardar mallaka a ƙaramar hukuma, wadda Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba ikon filayen karkara a Najeriya.