Kurakuran da aka fi yi a wasan giciyen kalmomi mai zaurance

Wasan giciyen kalmomi da Arthur Wynne ya fara bugawa a jaridar New York World a watan Disamba na 1913 tambaya ce da amsa kawai: a ba ka ma'ana, ka nemo kalmar, ka cike gidajenta a allon da kalmomi ke giciye juna a tsaye da kwance. Da ya tsallaka Ingila sai ya sake kama. Edward Powys Mathers, wanda ya riƙa sa hannu da sunan Torquemada a jaridar Observer daga 1926 har rasuwarsa a 1939, yana kan gaba cikin waɗanda suka mayar da kowace tambaya zaurance. Jimlar tana faɗin wani abu a zahiri, a baɗini kuwa umarni take bayarwa kan yadda za a harhaɗa haruffa. Wasan na Turanci ne, kuma a jaridun Birtaniya ya girma, amma misalan da ke ƙasa da Hausa na tsara su don a ga yadda dabarar take aiki.

Babban abin da ke kayar da sabon shiga shi ne yarda da zahirin jimla. Dubi wannan:

Ɗage roƙo, a ciki akwai hatsi (4)

Mai koyo zai ɓata lokaci yana tunanin almajiri, ko rumbu, ko sadaka. Babu ko ɗaya. "Hatsi" ita ce ma'anar amsar. "A ciki akwai" umarni ne cewa amsar tana kwance a tsakiyar kalmomin da suka gabata. Sake duban "ɗage roƙo", ka ɗauki haruffa biyun ƙarshe na ta farko da biyun farko na ta biyu: GERO. Labarin mai roƙo tufafi ne kawai aka sa wa jimlar. Maganin wannan kuskure shi ne ka karanta sau ɗaya don jin daɗi, sannan ka koma ka bi kalma-kalma kana tambayar kowace aikin da aka ɗauke ta ta yi. Waƙafi da aya ma kada su ruɗe ka, sau da yawa an sa su ne don su raba abin da ya kamata a haɗa.

Daga nan sai rashin sanin inda jimla ta rabu. Kusan kowace tambaya kashi biyu ce, ma'ana da wasan haruffa, kuma ma'anar tana zama a farko ko a ƙarshe, da wuya ka same ta a tsakiya. Idan ka maƙale, ɗauki kalmar farko a matsayin ma'ana ka ga ko sauran za su gina wani abu. In bai yi ba, juya ka gwada daga ƙarshe.

Lambar da ke cikin baka ma, wato yawan haruffan amsa, mutane suna wuce ta kamar ado ce, alhali ita ce ta fi saurin tona asiri. "Rama ta dagule a ƙasan cibiya (4)". Kalmar "dagule" tana nuna an birkita haruffa, kuma a gefenta ga kalma mai haruffa huɗu daidai. Birkita RAMA, ka sami MARA. Duk inda ka ga kalmar da ke nuna ruɗewa, lalacewa, maye ko gyara, ƙirga haruffan maƙwabtanta tukuna.

Akwai kuma ɗabi'ar rubuta amsa don kawai ta dace da ma'ana da yawan gidaje. Wannan yana da tsada, domin a allon Birtaniya mai gida 15 a tsaye da 15 a kwance, kusan rabin haruffan kowace amsa ne suke giciye da wata. Harafi ɗaya na kuskure sai ya toshe maka kusurwa guda. Kada ka tabbatar da amsa sai ka iya bayanin inda kowane harafi ya fito. In kana zato ne kawai, rubuta da fensir a gefe.

Wani abin da nake son mai karatu ya ji da kyau: idan ka kasa warware na jaridun Ingila a farko, ba rashin Turanci ba ne. Wasan yana da nasa al'adu da ko ɗan ƙasar sai ya koya. Kalmar flower tana iya nufin kogi, wato abin da ke gudana (daga flow, gudana), ba fure ba. Number tana iya nufin maganin kashe zafi (daga numb, kashe jin jiki), ba lamba ba. Ana amfani da lambobin Romawa, da gajerun kalmomin wasan kurket, da na dara irin ta Turawa, da na sojojin ruwa. Waɗannan haddace su ake yi sannu a hankali, kuma hanya mafi sauri ita ce duba amsoshin jiya a warware su ta baya, daga amsa zuwa tambaya. Kada kuma ka fara da wasannin da ake kira Azed ko Listener, na gwanaye ne. Wasan Quiptic na jaridar Guardian, da Everyman na Observer, da Quick Cryptic da jaridar Times ta fara a 2014 sun fi dacewa da mai koyo. Kuma babu dokar da ta ce sai an fara daga lamba ɗaya. Tsallake, nemi mai sauƙi, haruffanta za su buɗe maka wasu.

Kurakuran mai tsarawa sun fi nauyi, domin shi amana aka ba shi. Alistair Ferguson Ritchie, wanda aka sani da Afrit, ya kafa ƙa'idar a 1949: ba dole mai tsarawa ya nufi abin da jimlarsa ta nuna ba, amma dole ya faɗi abin da yake nufi. Derrick Macnutt, wato Ximenes, magajin Torquemada a Observer, ya faɗaɗa ta a littafinsa na 1966. Jonathan Crowther, wanda ya karɓi wurin a 1972 da sunan Azed, ya taƙaita ta da cewa tambaya mai kyau tana da ma'ana daidai, da wasan haruffa na adalci, ban da su babu komai. An yarda ka yaudare ni da zahiri. Ba a yarda ka yi mini ƙarya ba.

Inda aka fi cin wannan amana shi ne birkita kalmar da ba a rubuta ba. A ce wani ya mayar da tambayar ɗazu "Ganyen kwaɗo ya dagule a ƙasan cibiya". Yanzu sai mai warwarewa ya fara cankar ganyen: zogale ne, ko tafasa, ko rama? Bayan haka ya birkita. Aiki biyu ke nan a kan zato, kuma yawancin editocin Birtaniya ba sa karɓar irinsa. Haruffan da za a birkita su kasance a fili, ido yana ganinsu.

Na biyu a muni shi ne cusa kalmomin da ba su da aiki don jimla ta yi daɗin ji. "Bijimi shuɗi, abin wanka (6)" ta tsaya da ƙafafunta: SA da BULU, SABULU. Da zarar ka ƙara "na kasuwa" ko "jiya" don labarin ya cika, ka aika mai warwarewa neman abin da babu. Na san akwai jan hankali a nan, domin kowa yana son jimlarsa ta yi armashi. Amma in zahiri bai yi kyau ba, sake ginin gaba ɗaya, kada ka yi masa ciko. Haka ma'anar: in amsa jam'i ce, ma'anarta ta zama jam'i, in aikatau ce, aikatau. Kada a ba da "dabba" a ce amsa DAWAKI.

Kula da alkibla. "Abu ya dawo gun mahaifi (3)" tana ba da UBA, wato ABU an karanta daga baya, kuma ta dace da amsar da ke kwance. Kalmomi irin su "hau" ko "tashi sama" kuwa ba su yin aikin juyi sai a amsar da ke tsaye.

Mai son tsarawa da Hausa yana da nasa ramukan da littattafan Ingila ba su ambata ba. Mafi yawan kalmominmu da baƙi suke farawa su ƙare da wasali, don haka juya haruffa daga baya ba ya haifar da kalma sai a 'yan kaɗan masu farawa da wasali, irin su abu da uba, ko ado da oda. Wanda ya saba da zaurancen yara zai so ya juya gaɓoɓi maimakon haruffa. Yana da kyau, amma a sanar da masu warwarewa tun a saman allo, kada a bar su suna juya haruffa a banza. A ɗaya gefen kuma muna da arzikin da ya kamata a ci moriyarsa: da yake ba mu rubuta karin sauti da tsawon wasali, kalmomi irin su kuka, gari da fara kowace tana ɗauke da ma'ana biyu ko fiye. "Zubar hawaye, itacen miya (4)" ba ta buƙatar wata dabara, ma'ana biyu ce a jere, amsa KUKA.

Haruffa masu lanƙwasa ba abin sakaci ba ne. Birkita ƘASA yana ba da SAƘA, ba SAKA ba, kuma gidan da ƙ ta zauna a kwance ba zai zama k a tsaye ba. Sh da ts ma sai an yanke shawara: gida ɗaya ko biyu? Masu tsara wasan da harshen Welsh suna sa tagwayen haruffansu irin su ll da dd a gida ɗaya. Kowanne ka zaɓa ya yi, muddin ka faɗa kuma ka tsaya a kai har ƙarshen allo, domin lambar da ke cikin baka a kansa ta dogara. Sannan ka ambaci ƙamus ɗin da za a koma gare shi in gardama ta tashi, kamar yadda Azed ya dogara da ƙamusun Turanci na Chambers. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero zai iya wannan aiki, kuma in ka ɗauko kalmar Sakkwatanci ko ta Damagaram wadda Bakano ba zai sani ba, sa alamar hakan a cikin tambayar.

Kafin ka fitar da allo, miƙa shi ga wani ya warware ba tare da ka ce masa uffan ba. Zauna ka lura da inda ya tsaya. In ya ga amsa ya yi dariya, bar tambayar yadda take. In ya ga amsa ya ce "to, ta yaya?", kuma bayaninka ya wuce jimla biyu, cire ta ka sake wata.