Lasifikar Gaban Babur ko ta Cikin Hular Kwano?

Shawarata ga masu shirin doguwar tafiya a kan babur ita ce su fara duba irin gudun da suka saba yi kafin su sayi kayan sauti. Lasifikar da ake ɗaurawa a garkuwar gaban babur tana da daɗi a cikin gari, amma da zarar gudu ya kai kilomita 100 a awa, ƙarar iska takan haura desibel 90 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ta danne waƙar, sai mutum ya riƙa ƙara murya har ya dami kowa a hanya.

Ni na fi amincewa da ƙananan lasifikan cikin hular kwano, irin na Sena ko Cardo, domin suna haɗuwa da waya ta Bluetooth, a ji umarnin taswira sarai, a kuma yi magana da abokin tafiya. Sai dai a ɗora su saitin kunne sosai, in ba haka ba sautin zai raunana. A haɗa da matoshin kunne masu tace ƙara, saboda daɗewa cikin ƙarar da ta wuce desibel 85 tana lalata ji, sannan a yi cajin batirin kowane dare.