Darasi: Kulocin Babur Da Ya Manne, Da Zaɓen Baƙin Mai

Ka matse kuloci, ka taka giya ta ɗaya, sai babur ya zabura ya mutu. Kuloci ne ya ƙi saki. A yawancin babura masu giya, faifan kuloci a cikin baƙin man inji suke. In babur ya daɗe a ajiye, sifirin na danne da su, man da ke tsakani ya tsiyaye, ragowar ta yi danƙo, sai su manne.

Kada ka yi saurin kwance inji. Duba wayar kuloci tukuna. Wasan da ake so a bakin hannun kuloci milimita 10 zuwa 20 ne. In ya wuce haka, wayar ba ta jan faifan sosai, sai ka daidaita ta da notinta.

In wayar lafiya take, sa babur a firi, ka tayar da shi ya yi zafi na minti 10, kana matse kuloci kana saki. Kashe inji, sa giya ta biyu, riƙe kuloci a matse, ka riƙa tura babur gaba da baya har ka ji taya ta saki. Sau da yawa nan aikin ke ƙarewa.

In ya ƙi, a juye mai, a buɗe murfi, a zare faifan ɗaya bayan ɗaya bisa jerinsu. Na ƙarfen da ya lanƙwashe ko ya yi shuɗi don zafi, a canza shi. Sabbin faifai kuwa a jiƙa su a mai na wasu awoyi kafin a ɗaura. A ɗaure kusoshin sifirin kaɗan-kaɗan, wannan sai wanda ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren, don kada farantin da ke danne faifan ya karkace.

Wajen mai ne mutane suka fi yin ganganci. A yawancin babura masu giya, mai ɗaya ke yi wa inji da giya da kuloci aiki. Man mota da yawa an ƙara masa sinadarin santsi don rage shan fetur, shi kuwa kuloci da kamu yake aiki. Da ka zuba irin wannan, inji zai yi ta ƙara, gudu babu, faifan kuma su ƙone. Nemi rubutun JASO MA ko MA2 a jikin galan, wato alamar man da ya dace da kulocin da ke cikin mai. Mai JASO MB na babur mara giya ne, kada ka zuba.

Kauri kuma, 10W-40 ko 20W-50 aka fi amfani da su, amma abin da littafin babur ɗinka ya ce shi za ka bi. Ƙananan injuna masu cc 100 zuwa 125 kusan lita 1 suke sha. Auna mai babur na tsaye sak, kada ya wuce layin sama, don yawansa ma na sa kuloci jan ƙafa.