Zuwan farko wajen likitan damuwa

'Yan uwa na Nima da Mamobi, duk mai shirin zuwa asibitin Pantang ko na Korle Bu a Accra saboda damuwa, don Allah ya kwantar da hankalinsa. Zaman farko hira ce kawai, ta kusan awa guda. Za a tambaye ku yadda barci yake, cin abinci, abin da ke ci muku rai, da ko akwai mai irin matsalar a dangi. Abin da ya yi muku nauyin faɗa, ku ce sai zuwa na gaba. Kuka kuwa ba abin kunya ba ne a ɗakin nan.

Sirrinku ba ya fita sai in rai na cikin haɗari ko doka ta tilasta. Ku tafi da kwalayen magungunanku, har da na gargajiya. In Turanci na ba ku wuya, ku nemi tafinta tun wajen yankar kati.