Yadda ake sauya AU, shekarar haske da fasek ba tare da lissafi ya ɓaci ba

Kada ka fara da kilomita. Sifili yana yin yawa, kuma a wajen ƙirga su ne aka fi tuntuɓe. Lambobi uku kawai za ka riƙe.

AU ita ce matsakaiciyar tazara tsakanin duniya da rana. A 2012 ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, ta tsayar da ita a mita 149,597,870,700 cif. Shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci cikin shekara guda: kilomita tiriliyan 9.4607, ko AU 63,241. Fasek, wanda ake rubutawa pc, ya fi su girma: AU 206,265, ko shekarar haske 3.2616. Daga babba zuwa ƙarami ka ninka, daga ƙarami zuwa babba ka raba.

Ɗauki Proxima Centauri, tauraro mafi kusa da rana. A kundin taurari ba lallai ka ga nisansa ba, sai dai 'yar kaucewar da yake yi a sama sa'ad da duniya ke zagaya rana, a rubuce 768 mas (mas ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan ɗin kusurwa). Fara raba wannan da 1,000, ka sami sakan 0.768 na kusurwa (ba na agogo ba; sakan 3,600 ne ke cikin digiri ɗaya). Nisa a fasek shi ne 1 a raba da wannan kusurwa: raba 1 da 0.768, ka sami fasek 1.302. Ninka da 3.2616, shekarar haske 4.247 ke nan. Wanda ya manta rabawa da 1,000 zai fito da fasek 0.0013, ya jawo tauraron kusa sau dubu.

Kar ka yi gaggawar datse lamba. Fasek 1.302 sau 206,265 ya ba da AU 268,557. In ka mai da 4.247 ta zama 4.25 kafin ka ninka da 63,241, za ka sami 268,774. Wannan rarar ta AU 217 ta ninka tazarar rana da duniyar Neptune kusan sau bakwai.

Mai son ya fitar da shekarar haske da kansa ya ninka gudun haske, mita 299,792,458 a sakan, da sakan 86,400 na kwana, sannan da kwana 365.25. Sa 365 a madadin 365.25 zai zaftare kusan kilomita biliyan 6.5.

Sai a kula da littafin da aka ɗauko lambar. Wanda ya yi boko da Faransanci, kamar a Nijar, ya san biliyan ɗin Nijeriya da sunan miliyar, shi kuwa "billion" na Faransanci tiriliyan ne. Haka 3,26 a can tana nufin 3.26. Mafita ita ce a rubuta 9.4607 × 10¹², a shigar da ita kalkuleta da maɓallin EXP.

Wajen manyan tarin taurari ana amfani da kpc, fasek dubu, da Mpc, fasek miliyan. Andromeda, ɗaya daga cikinsu, tana kusan shekarar haske miliyan 2.5, raba da 3,261.6 (shekarar hasken da ke cikin kpc ɗaya), ka sami kpc 770 ko kusa da haka.