Yadda ake koyon kiɗan jazz na nan-take daga sautin ruwan sama da bugun zuciya

Tun farkon shekarun 1960, lokacin da makaɗin ganga Sunny Murray yake yi wa mai kaɗa piyano Cecil Taylor kiɗa a Amurka, wasu makaɗan jazz suka daina ɗaukar kansu a matsayin masu riƙe wa ƙungiya lokaci, suka mayar da ganga murya mai zaman kanta. Wanda ya fi zurfafa wannan hanya shi ne Milford Graves na unguwar Queens a birnin New York, wanda ya koyar a kwalejin Bennington daga 1973 zuwa 2012, ya kuma shafe shekaru yana naɗar bugun zuciyar mutane yana nazarinsa har rasuwarsa a 2021. A kan tafarkinsa nake ɗora masu koyo, domin na ga inda yawancinsu suke tuntuɓe.

Da farko ka ajiye na'urar nan mai ƙidaya bugu daidai wa daida a gefe. Graves ya daɗe yana nuna cewa tazarar da ke tsakanin bugun lafiyayyar zuciya tana ƙaruwa tana raguwa, kuma wannan numfashin ne ake nema a hannun makaɗi. Daga nan ka naɗi sauti guda ɗaya na tsawon minti goma. Wayar hannu ta wadatar, kada ka ɓarnatar da kuɗinka a kan makirufo mai tsada. Ni na fi son ruwan sama a kan rufin kwano, musamman inda indararo yake ɗiga a cikin bokiti, saboda za ka sami sauti hawa biyu, wato yayyafin da ya bazu a sama da ɗigon da ke faɗowa ɗai-ɗai, wanda muryarsa take sauyawa yayin da bokitin yake cika.

Mataki na gaba shi ne inda kusan kowa yake faɗuwa, kuma ni ma na yi watanni a nan. Ka saurari abin da ka naɗa sau uku ba tare da ka taɓa ganga ba, sa'an nan ka ɗauki gula ka bi ɗigon kawai, kana bugawa a daidai lokacin da ya faɗo. Kafin minti uku hannu zai fara yi maka gardama, ya jawo ɗigon nan zuwa ƙidayar huɗu-huɗu da ya saba da ita, har ka ji kamar ruwan ne ya yi kuskure. Na taɓa zama kusa da wani ɗalibi ina kallon ƙafarsa ta hagu tana buga ƙasa a tsare alhali shi yana rantsuwa cewa ruwan yake bi. Idan haka ta faru, ka tsaya cak, ka ɗora tafin hannunka a kan fatar gangar, ka koma farkon naɗin. Kada ka cike gurbin da ɗigon ya bari, domin tsoron shiru ne yake sa mai koyo ya yi ta zuba bugu babu dalili. Minti goma sha biyar kowace rana na tsawon wata guda ya fi awa uku a zama ɗaya.

Bayan hannu ya saki, sai ka nemi launin sauti, wato irin muryoyi daban-daban da ganga za ta iya fitarwa. Graves ya cire fatar ƙasa ta gangunansa domin muryarsu ta buɗe, kamar yadda kotso yake da fuska ɗaya, kuma ina ganin kowane mai koyo ya kamata ya gwada haka a kan ganga ɗaya. Ka danna fata da gwiwar hannu ka ji yadda murya take hawa, ka kifa ƙwarya a kan ruwa ka buga, ka murza busasshen ganye a kan fata.

Daga nan ka nemi abokin kiɗa ɗaya, mai busa ya fi, ku saurari kwaɗi a daren damina, yadda ɗaya yake farawa saura su amsa, sa'an nan duk su yi tsit lokaci guda. Ku yi minti biyar kuna kwaikwayon wannan shiga da fita ba tare da kun yi wa juna alama ba, ku naɗa, ku saurara washegari.